Makbes: a tausaya masa ko a tsine masa?

Malam Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku. Ɗalibaina na ajin ƙarshe za su yi wasan Makbes na Shekisfiya, marubucin nan na Ingila, a ƙarshen zango, kuma da Hausa muka mayar da shi don iyayen yara su fahimta. Jiya muna cikin gwaji sai yaron da zai fito a Makbes ya tsaya cak ya ce, "Malam, a ƙarshen wasan so ake mutane su ji tausayina ko su ji daɗi an kashe ni? In ban san wannan ba, ban san yadda zan yi muryata ba." Wallahi na rasa amsa. Shekara da shekaru ina koyar da wasan nan, kullum abin da nake rubuta musu a allo shi ne dogon buri ya halaka shi. Jiya na gane wannan amsar ta jarrabawa ce, ba ta isa a hau dandamali da ita ba. Waɗanda suka karanta shi, me kuke gani?

Nasiru: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ina tausayinsa, domin ingiza shi aka yi. Mutum yana dawowa daga yaƙi, ya kare ƙasarsa Sikotlan daga 'yan tawaye da rundunar Norwe, sai mayu uku suka tare shi suka ce zai zama sarki. Ya je gida matarsa ta sa shi gaba. Har fa ya ce mata ya fasa, ta ce masa shi ba namiji ba ne. Da ya auri wata matar da ya mutu da mutuncinsa.

Malama Rabi: Nasiru ƙanena, koma ka sake karanta kashi na 1, fitowa ta 3. Lokacin da manzannin sarki suka ce masa an ba shi sarautar yankin Kawdo, kamar yadda matan nan suka faɗa, nan take ya koma gefe yana magana da zuciyarsa. Ya ce wani tunani ya faɗo masa wanda ya sa gashinsa ya miƙe, zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa. Da bakinsa ya ambaci kisa. A lokacin matarsa tana can gidansu a Inbanes, ko wasiƙarsa ba ta samu ba. Kuma matan nan uku ba su ce masa ya kashe kowa ba, cewa suka yi zai zama sarki. Shi ya haɗa sarauta da wuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan kalmar mayu ba ta zauna mini ba. Maye a wurinmu kurwa yake kamawa. Waɗannan duba suke yi, suna faɗin abin da zai zo, suna dafa tukunyar tsafi. Malam Aminu, in ni ce bokaye ko matsafa zan kira su, iyayen yara za su fi gane irin mutanen da ake nufi.

Malam Aminu: Malama, matsafa muka sa. Na gode da kika tabbatar mini.

Nasiru: To Anti, amma ai ya ce ya fasa. Wannan ba za a goge shi ba.

Malama Rabi: Ba a goge ba, kuma shi ne ma ya fi ɗaure shi. A fitowa ta 7 ya zauna shi kaɗai ya lissafa dalilan da suka hana shi taɓa Dankan: ɗan uwansa ne na jini, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne da ya kwana ƙarƙashin rufinsa, wanda ya kamata ya tsare masa ƙofa. Ya ƙara da cewa sarkin mai sauƙin kai ne, bai zalunci kowa ba. Ya ƙare da cewa ba shi da wani abin da ke zaburar da shi sai buri kawai. Wanda ya iya jera wannan lissafi ba yaudararsa aka yi ba. Ido buɗe ya shiga. Matar tana da nata kason, babba ma kuwa, ita ta bugar da masu gadin sarki da giya, ita ta shafa musu jini. Amma ita ta ce mijin ya kashe abokinsa Bankwo? Ɓoye mata ma ya yi. Ita ta aika a yanka matar Makdaf, ɗaya daga cikin manyan ƙasar, da 'ya'yansa?

Ustaz Kabiru: Allah ya saka wa Malama da alheri. Ina karanta wannan wasan ne da aya ta 22 ta Suratu Ibrahim a raina, inda Shaiɗan zai ce wa mabiyansa ranar ƙiyama ba shi da wani iko a kansu, kiransu kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kansu. Matsafan nan kira suka yi. Mutum biyu suka tarar a jejin, kowa ya ji nasa albishir. An ce wa Bankwo zuriyarsa za su yi sarauta. Shi ne ya gargaɗi abokinsa cewa 'yan aiken duhu sukan faɗa maka gaskiya a ƙaramin abu don su ja ka zuwa halaka a babba. Duk wanda ya san hadisin da ke cewa boka yakan cakuɗa kalmar gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari zai ji maganar nan ba baƙuwa ba ce. Da dare kuma aka ji Bankwo yana roƙon a tsare shi daga mugayen tunanin da ke zuwa masa cikin barci. Kenan shi ma abin ya taɓa shi, sai dai ya nemi tsari.

Dakta Hadiza: Ustaz, a yi hattara da wanke Bankwo tas. A farkon kashi na 3 ya faɗa da bakinsa cewa yana zargin Makbes ta mummunar hanya ya samu sarautar. Me ya yi a kai? Shiru. Ya ce tunda maganar matsafan ta tabbata a kan Makbes, me zai hana ta tabbata a kan 'ya'yansa. Shirun nan ma kwaɗayi ne, kawai bai kai ga wuƙa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa marubucin ya sassauta masa. Wajen 1606 aka rubuta wasan. Shekara uku kafin nan, a 1603, Jemis na shida na Sikotlan ya hau gadon Ingila, ya kuma ɗauki ƙungiyar wasan su Shekisfiya ƙarƙashin inuwarsa. Gidan sarautar Jemis suna danganta asalinsu da Bankwo. A littafin tarihi na Holinshed, inda aka ɗauko labarin, Bankwo yana cikin waɗanda suka taya Makbes kashe Dankan. Wa zai tsaya gaban sarki ya nuna masa kakansa da jini a hannu? Jemis ɗin kuma mutum ne da maganar tsafi ta dame shi, ya halarci tuhumar waɗanda aka zarga da tsafi a 1590, har littafi ya rubuta a kan lamarin a 1597. Ga kuma yunƙurin tarwatsa majalisa da albarushi a Nuwamban 1605, wanda da ya yi nasara da sarkin ya tafi a ciki. Mutanen da suka fara kallon wasan nan a Landan, kisan sarki ba tatsuniya ba ce a wurinsu.

Makbes na tarihi kuwa daban ne. Ya yi mulkin Sikotlan daga 1040 zuwa 1057, shekara 17. A fagen fama Dankan ya mutu, kusa da Elgin, kuma ba tsoho ba ne. A 1050 Makbes ya tafi ziyarar ibada Rum, an rubuta cewa ya watsa wa matalauta kuɗi kamar mai shuka. Sarkin da ke tsoron juyin mulki ba ya barin ƙasarsa ya yi irin wannan doguwar tafiya. Kisan baƙo cikin dare bisa zugar mata, daga labarin wani sarkin daban aka aro shi a cikin littafin na Holinshed. Na faɗi wannan ne don mu lura: da gangan marubucin ya ɗauke kisan daga filin daga ya kai shi ɗakin baƙo. So yake kada a bar wa jarumin uzuri ko ɗaya.

Malam Aminu: Dakta, kin ƙara mini nauyi kenan. In ba shi da uzuri ko ɗaya, ta ina tausayin zai shigo? Mun koya cewa Aristotil, masanin nan na Girka, ya ce jarumin irin wannan wasa kada ya zama nagari tsantsa ko mugu tsantsa, kuma kuskure ne ke kayar da shi, shi ya sa 'yan kallo ke jin tausayi da tsoro. Idifus na Girkawa ya kashe ubansa bai san ubansa ne ba. Wannan kuskure ne. Makbes kuwa ya san wanda ke kwance a gadon.

Hajiya Bilki: Aminu, bari in sa baki, tun ɗazu nake bin ku. Na koyar da wasan nan tun kafin a haifi wasunku, kuma na daɗe da daina ce wa yara buri ne ya kashe shi. Buri ya kai shi ƙofar ɗakin, gaskiya ne. Amma kisan Dankan a kashi na 2 ya faru, wasan kuwa kashi 5 ne. Me sauran ukun suke nuna mana? Yadda ya yi da zuciyarsa bayan ta fara zarginsa.

Ku dubi daren kisan. Ya fito hannu jina-jina, abin da ya fi damunsa shi ne ya ji wani daga cikin masu barci ya yi addu'a, shi kuma ya kasa cewa amin, kalmar ta maƙale masa a wuya. Ya ji kamar ana shela cewa ya kashe barci, ba zai ƙara runtsawa ba. Ya manta ya fito da wuƙaƙen, aka ce ya mayar ya ce ba zai iya sake kallon abin da ya yi ba. Ya ce ruwan teku duka ba zai wanke hannunsa ba, sai dai hannun ya rina tekun. Da aka fara buga ƙofa, cewa ya yi ina ma bugun zai tayar da Dankan. Wannan mutum ne mai rai a zuciya. A wannan daren ya fi kowa a gidan kusa da tuba.

To sai gari ya waye. Me ya fara yi? Ya kashe masu gadi biyu da aka shafa wa jini, ya ce fushi ne ya ɗebe shi. Daga nan ya koyi wata mummunar dabara: duk lokacin da zuciyarsa ta yi masa magana, sai ya ɗauka maƙiyi ne a waje, ya aika a kashe. Ya ce wa matarsa kansa cike yake da kunamu, maimakon ya tambayi daga ina kunamun suka fito, sai ya ce ai don Bankwo da ɗansa suna raye ne. An kashe Bankwo, fatalwarsa ta zo ta zauna masa a kujera gaban manyan ƙasa. Wannan ma gargaɗi ne. Bayan baƙi sun watse sai ya ce ya riga ya yi nisa cikin kogin jini, komawa baya da ƙetarewa duk wahalarsu ɗaya. A wurina nan ne ya faɗi, ba a ɗakin Dankan ba. Ƙarya ya yi wa kansa a wannan maganar, kuma ya san ƙarya ce.

Daga nan shi da ƙafarsa ya je neman matsafan, alhali da farko su suka tare shi. Ya fito daga wurinsu ya yanke cewa daga yau abin da ya faɗo masa a rai hannunsa zai aikata, ba sauran tsayawa tunani. Abu na farko da wannan shawara ta haifa shi ne yanka mace da ƙananan yara a Fayif, gidan Makdaf, mutanen da ba su tsare masa komai ba, ba kuma sarautar da kashe su zai ƙara masa.

Baba Yohanna: Hajiya ta taɓo inda nake jira. Akwai wani mutum a wasan da ba a ko nuna fuskarsa, mai sarautar Kawdo na farko, wanda ya ci amanar ƙasa ya haɗa kai da Norwe. Malkam, ɗan Sarki Dankan, ya ba da labarin mutuwarsa a kashi na 1, fitowa ta 4: ya amsa laifinsa a fili, ya roƙi gafarar sarki, ya nuna nadama mai zurfi, har aka ce babu abin da ya yi masa kyau a rayuwarsa kamar yadda ya bar ta. Sarautar wannan mutumin aka ɗauka aka ba Makbes. Masu Kawdo biyu, maciya amana biyu, ɗaya ya durƙusa ɗaya ya ƙi. Ban yarda haka kawai aka jera su ba.

Mu a Littafi Mai Tsarki muna da Sarki Dauda da ya sa aka kashe Uriya. Da annabi Natan ya zo ya nuna masa laifinsa, bai sa an kama Natan ba, cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi. 'Yan kallon zamanin Shekisfiya sun san wannan labari tun suna yara. Suna kallon Makbes suna jiran wannan kalma daga bakinsa, har aka sare kansa ba ta fito ba.

Ustaz Kabiru: Baba, mu a wurinmu annabawa an tsare su daga irin wannan, don haka ba ma karɓar labarin a haka, amma abin da kake nufi na gane shi sarai, kuma muna da makamancinsa. Ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan uwansa, Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya ce ya wayi gari cikin masu nadama, amma ba a ce ya tuba ba. Ga kuma hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na ɗari da wanda ya ce masa ba shi da tuba, duk da haka da ya samu malami ya ce masa wa zai shiga tsakaninka da tuba. Wancan ya fi Makbes nisa a kogin jini, kuma ya juyo. Shi ya sa na yarda da Hajiya cewa maganar "na yi nisa" ƙarya ce.

Nasiru: Na ji, kuma na janye rabin maganata. Amma ku yi adalci. Tuba a wurinsa me take nufi? Ya sauka daga gado, ya kira manyan ƙasa ya ce ni na kashe sarki, a fille masa kai, a kama matarsa. Mu nawa ne za mu iya? Muna zaune muna rubutu a waya abin yana da sauƙi.

Hajiya Bilki: Ɗana, wannan tambayar taka ita ce amsar da Aminu yake nema. Ba sauƙi, shi ya sa ake tausayinsa. Da ba mu san nauyin abin a jikinmu ba da kallon dodo kawai za mu yi masa.

Zan faɗi wani abu da ban cika faɗa ba. Ina ƙuruciyar aiki, a wata makaranta, an zo maganar ƙarin girma tsakanina da wata abokiyar aikina. Aka yi mata wani ƙazafi da na san ba gaskiya ba ne. Ban ƙirƙira ba, ban yaɗa ba, amma da aka tambaye ni na ce ban san komai ba. Aka ba ni kujerar. Abin da na lura da shi a kaina bayan nan shi ne na fara jin haushinta. In na hango ta sai in sauya hanya, in an yabe ta sai raina ya ɓaci, har na fara tattara laifuffukanta a zuciyata don in gamsar da kaina cewa dama ba ta cancanta ba. Shekara huɗu ina haka kafin na taka har gidanta. Tafiyar ba ta kai ta minti ashirin ba. Tun daga nan in na zo wurin da Makbes ke cewa kansa cike da kunamu, ba na buƙatar sharhin kowa.

Malama Rabi: Allah ya ƙara rufa asiri Hajiya. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda mata da mijin suka yi musayar wuri. Daren kisan ita ce mai cewa ɗan ruwa kaɗan zai wanke komai, shi yana karkarwa. A kashi na 5 ita ce ke yawo cikin barci tana murza hannu, tana jin warin jini, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai gusar da shi ba, ta kuma sa doka kada a raba ta da fitila. Shi kuwa ya ji kukan mata a cikin gida ya ce ya kusa manta ɗanɗanon tsoro. Aka ce masa sarauniya ta rasu, ko hawaye babu, sai ya shiga cewa rayuwa gaba ɗaya surutu ne marar ma'ana. Ita nadamar ta cinye ta, shi ya kashe tasa. Kuma alamar tana nan tun farko, don ita ce ta ce da Dankan bai yi kama da mahaifinta a cikin barci ba da ita za ta soke shi. Likitan da ya gan ta ma cewa ya yi malamin addini take buƙata fiye da likita.

Dakta Hadiza: Ban yarda ya kashe ta gaba ɗaya ba, Malama. Wurare biyu. A kashi na 5, fitowa ta 3, ya ce abubuwan da ke raka tsufa, girma da ƙauna da biyayya da tarin abokai, kada ya sa ran samunsu, sai tsinuwa a ɓoye da girmamawar baka. Mutumin da zuciyarsa ta mutu ba ya wannan lissafi. Sannan da suka yi ido huɗu da Makdaf, abin da ya fara ce masa shi ne ya koma, domin jinin iyalinsa ya riga ya yi wa ransa nauyi. A lokacin yana ganin ba wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, kamar yadda matsafan suka faɗa masa, kenan ba tsoro ne ya sa shi faɗin haka ba. Sai da Makdaf ya ce masa shi farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci, sannan gwiwarsa ta yi sanyi. An ba shi zaɓi ya miƙa wuya, ya ce ba zai sumbaci ƙasa gaban Malkam ba.

Ɗanjuma: Ni dai matar Makdaf da ɗanta nake tausayi. Yaron nan yana hira da uwarsa aka shigo aka soke shi, yana ce mata ta gudu. Duk mun cika wuri da zuciyar mai kisa, su ba wanda ya tsaya a kansu. Malam, don Allah kada ku yanke wannan fitowar don a rage tsawo.

Malam Aminu: Ɗanjuma, da niyyar yanke ta nake, saboda ba mu da ƙaramin yaron da zai hau. Yanzu na fasa, zan nemo daga aji ɗaya. In iyaye ba su ga wannan fitowar ba, tausayin da za su ji wa Makbes zai yi araha.

Ga abin da zan gaya wa yaron gobe. A daren kisan, wurin amin ɗin nan, ya yi maganar kamar mai neman taimako da gaske, ya kalli matar yana jiran ta ce masa wani abu. Wurin kogin jini ya ɗan yi shiru tukuna, ya waiga baya sau ɗaya, don 'yan kallo su ga hanyar tana nan. Maganarsa ga Makdaf kuma ya sauke murya ya sauke takobi, sannan ya sake ɗagawa. Hajiya, in kin ba ni izini zan ba shi labarinki ba tare da suna ba.

Hajiya Bilki: Na ba ka. Ka gaya masa har da shekara huɗun. Kuma ka turo mana ranar, in da hali zan zo in zauna a baya.